Turancin da Kawu Ya Tsinta a Bakin Titi

Na Allah ne mu duka, gare shi ake komawa, kuma Kawu ya riga mu. Yau kwanansa tara.

Ranar addu'ar uku gidansa na unguwar Harlem, a nan Amurka, ya cika, takalma suka taru tun daga ƙofa har kan matakala. An zo daga Bronx, an zo daga unguwar Jamaica inda nake zaune, wasu ma sai da suka hau jirgin ruwa daga St. George kafin su hau na ƙasa. Mutanenmu na Damagaram suna gefe guda, 'yan zangon Gana suna gefe, ga wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da kayan aikinta a jiki, domin daga asibiti ta wuto. Da liman ya shafa na zaci za a yi shiru irin na makoki. Ba a yi ba.

Wani direban tasi ne ya fara. Ya ce shekarar da aka buge masa mota ya yi makonni ba aiki, ya je teburin Kawu yana tafe yana kallon ƙasa. Kawu ya sa yatsa biyu a haɓarsa ya ɗaga, ya ce masa "Keep your head up," sannan ya ƙara da Hausa cewa ya ɗaga kai, ba abin da ya yar a ƙasa. 'Yar Jos ta karɓa. Ta ce ko a gadon asibiti, a kwanakinsa biyu na ƙarshe, da mai goge daɓe ta shigo sai ya ce mata "Keep it up," har matar ta riƙa goge ɗakinsa sau biyu. 'Yar Kawu, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta ce tana ƙarama kunya take ji idan ya zo kallon wasan makarantarsu, don muryarsa ta fi ta kowa. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, tana bayan labule tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Sai wani dattijo daga cikin 'yan Gana ya gyara zama ya ce, "Ai ni wadda ba na mantawa ita ce way to go." Idonsa ya faɗo kaina, ya haɗiye sauran.

Na ɗauki buta kamar mai son alwala na fita. Na sauka ƙasa, na hawo, na sake sauka. Duk wanda ke ɗakin ya san dalili. Ni na rufe wa Kawu baki wata biyar kafin ya rasu, a kan wannan kalmar, kuma har aka sa shi a ƙasa ban ji ya ce ya yafe mini ba. Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. Shi ya sa na ɗauki biro, ko hannu zai zauna idan ƙafa ta ƙi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya kawo ni ƙasar nan. Bai yi boko ba, ko Faransancin gida bai wuce na gaisuwa ba. Turancinsa duk da kunne ya tsince shi a titin 125, inda yake da tebur: huluna da safar hannu lokacin sanyi, man kaɗanya da turaren wuta kullum, laima kuwa da zarar hadari ya haɗu. Yakan ce mutanen nan ba su iya gaisuwa ba, "hi" ɗaya sun wuce, ba a tambayar gida ba a tambayar gajiya. Amma ya ce akwai abin da suka iya, wato kalmomin tura mutum gaba idan ya gaji. Su ya bi yana tarawa.

Babbar kasuwar tsintuwarsa ita ce ranar gudun fanfalaki, wanda ake yi sau ɗaya a shekara, masu gudu su ratso unguwar bayan sun gama galabaita. Ranar Kawu yakan bar tebur ya je ya tsaya bakin hanya cikin babbar riga da hular sanyi. Shekarun farko saurare kawai yake yi. Daga baya ya fi kowa. Bai damu da na gaba ba, ya ce su ba su buƙatar kowa. Na baya yake jira, masu jan ƙafa, tsofaffi da masu ƙiba. Na taɓa ganin ya bi wata tsohuwa a gefen shinge har tsawon layi guda, yana tafa hannu yana cewa "Almost there, Mama," alhali shi kansa bai san inda gudun yake ƙarewa ba.

Kowace kalma da irin ciwon da yake ba da ita, kamar mai sayar da magani. "Go for it" ta mai neman aure ce da mai son sayen mota. "You got this" ta 'yan jarrabawa. "Take it easy" ta mata da miji idan sun kawo ƙara. "Hang in there" kuwa ta mai ciwo ce da mai jiran takardu, kuma ita ya fi so. Ya ce daga jirgin ƙasa aka samo ta: idan ba ka sami wurin zama ba, ka kama ƙarfen sama ka rataye, jirgi ya yi ta jijjiga ka, kai dai kada ka saki har tasharka. Ba wanda ya koya masa wannan fassarar. Duk fassarorinsa haka suke, shi yake ƙera abinsa, kuma yawanci sukan zauna daidai.

"Way to go" ita ce ta matafiya. Ya ji "way" hanya ce, "go" tafiya, sai ya haɗa. Duk wanda ya raka filin jirgi zai tafi gida, bayan "Allah ya kiyaye hanya" sai ya buga kafaɗarsa ya ce "Way to go." Mu ma muka ɗauka, muka yi ta faɗa wa juna.

Ni aikina lodin jakunkuna ne a filin jirgi. Bayan shekara goma sha ɗaya aka ce za a ba ni shugabancin mutum shida, amma sai na riƙa karanta takardar aiki ina cikewa. Na ce ba na so, shugabanci rigima ce. Kowa ya yarda ban da Kawu. Bai yi mini magana a gaban kowa ba. Wata Asabar, ranar da titi ya fi cika, ya rufe teburinsa, ya hau jirgi tun daga Harlem har Jamaica, ya ce in sa takalmi in raka shi wani wuri. Wurin ɗakin karatu ne na unguwa, inda ake koya wa manya karatu da rubutu. Ina da shekara arba'in da huɗu. Na leƙa na ga allo da ƙananan kujeru, na tsaya a bakin ƙofa na ce masa ni na girmi wannan.

"Ni ne na girme shi," in ji Kawu. "Kai saura kaɗan." Ya sa tsinin laimarsa a tsakiyar bayana ya tura. "Go for it."

Daga nan kowace Asabar da safe sai saƙon murya ya shigo wayata, tunda shi ba ya rubutu. Saƙon ba ya canzawa. "Stick with it, ɗan nan. Ka manne kamar cingam a takalmi." Wani lokaci ina jin ƙarar bas a bayansa, wani lokaci yana tsaka da saƙon sai ya juya ya gaya wa mai saye kuɗin hula.

Ranar da na fara karanta shafi guda daga sama har ƙasa ban tsaya ba, malamarmu ta tafa hannu ta ce, "Way to go." Na waiga na dubi ƙofa. Na ce mata ba inda za ni. Ta yi dariya ta bayyana mini cewa ba maganar tafiya ba ce, yabo ne, kamar a ce madalla, ka yi bajinta. A jirgi ina komawa gida na yi ta murmushi ni kaɗai, na ce idan na ga Kawu zan gaya masa. Na gan shi sau uku bayan nan. Ban gaya masa ba. Ban san dalili ba. Wataƙila daɗi nake ji ina riƙe da abu ɗaya da na sani shi bai sani ba.

Kusa da teburin Kawu akwai na wani dattijo baƙar fatar Amurka mai sayar da littattafai. Shekara goma sha huɗu suna gefen juna. Idan Kawu zai yi salla shi yake duba masa kaya, idan shi zai je cin abinci Kawu ya duba masa. Mahaifiyar mutumin ta rasu, ya yi mako ba ya fitowa. Da ya dawo, Kawu ya je ya kama hannunsa da hannu biyu. Abin da yake so ya ce shi ne abin da muke faɗa a gida, cewa hanya ce, kowa zai bi ta. Ya duba cikin kalmominsa ya ɗauko wadda take da hanya a ciki. Ya ce, "Way to go, my brother. Your mother, way to go."

Mai littattafai ya zare hannunsa. Washegari ya matsar da teburinsa can gaban wani shagon takalma, ya daina gaisuwa.

Kawu ya ɗauka zafin rashi ne. Da abin ya daɗe, sai ya kawo maganar ranar Babbar Salla, muna cin nama a gidansa mu wajen goma sha biyar. Ya ba da labarin tiryan-tiryan, yana mamakin mutanen da ba su iya karɓar ta'aziyya ba. Ni kuwa tun kafin ya kai ƙarshe dariya ta ƙwace mini. Da a ce na ja shi kicin ne, da yau ba wannan nake rubutawa ba. Amma a nan inda nake zaune, da tsoka a hannuna, na ce, "Kawu, ai barka ka yi masa. Ce masa ka yi madalla da uwarsa ta mutu." Na bayyana yadda malama ta bayyana mini, har da tafa hannun. Ɗaki ya ɗauka. Wani ya ƙware da shayi, wani ya ce ashe shekara da shekaru yabon juna muke yi a filin jirgi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ajiye wuƙar da yake yanka mana nama, ya goge hannu a hankali.

"Yaushe ka sani?"

Na ce an ɗan kwana biyu.

"Kafin uwar mutumin ta rasu, ko bayan?"

Na dubi tsokar da ke hannuna. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ni na kai ka makarantar nan a ɓoye, ba wanda ya ji. Kai kuma ka kawo mini karatun a gaban jama'a. To, Malam, mun gode." Ya tashi ya shiga ɗaki. Naman nan Inna ce ta ƙarasa rabawa.

Asabar ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Ta gaba ma haka. Idan na kira yakan ɗauka, ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, amma "ɗan nan" ta tafi, sai "Malam". Kuma ba ni kaɗai ya yi wa shiru ba. Masu tebur suka ce yanzu kuɗin kaya kawai yake faɗa da "thank you". Mai jiran takardu ya zo masa, ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya tsaya nan. Ya daina yarda da kalmominsa gaba ɗaya, yana tsoron kowace akwai abin da ta ɓoye masa. Ranar gudu ta zagayo, Inna ta ce yana zaune a falo ya rufe taga.

Ni kuma na yi ta gardama da kaina. Ai gaskiya na faɗa. Ai da ban faɗa ba wani zai faɗa. Sau biyu na hau jirgi don in je in ba shi haƙuri. Na farko na wuce tashar da gangan. Na biyu na sauka, na tsaya tsallaken titi ina kallonsa yana jera safar hannu, wani yaro ɗan makaranta ya wuce da ƙwallo ya ɗaga masa hannu, Kawu ya buɗe baki ya sake rufewa. Na juya na koma Jamaica.

Sanyi na shiga ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na je asibiti da azahar, na sami Inna ta fita salla, shi kaɗai ne da robar iska a hanci. Ya rame har hular ta yi masa yawa. Na durƙusa gefen gadon na ce, "Kawu, na zo ne ka ya..."

"Tashi, daɓen da sanyi," in ji shi. "Ɗauko wancan ka karanta mini."

Kati ne a kan durowa, mai hoton furanni, cike da sa hannun masu tebur. Ya ce 'yarsa ta so ta karanta masa ya hana, ya ce ta bari. Na buɗe. A tsakiya an rubuta layi ɗaya da manyan baƙaƙe, na bi shi da yatsa: "We are all pulling for you." A ƙasa sunan mai littattafai ne.

Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Na je na ba shi haƙuri. Ni kaɗai." Na tambaye shi da wane Turanci. Ya ce da wanda ya rage. Sannan ya nuna katin da haɓa. "Me suke ja?"

Na sake karantawa. "Pull" na san ta, tana jikin kowace ƙofa. Amma ja domin mutum, ban taɓa ji ba. Na so in ƙirƙiro wani abu. Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

Ya dube ni. Sai ƙirjinsa ya fara rawa, na zaci tari ne, ashe dariya ce. "Ashe da saura," ya ce. "Zauna, ɗan nan, mu duba ta."

Na zauna bakin gadon. Ya rufe ido yana juya kalmar a baki kamar mai ɗanɗana goro. Ya ce ba jan ƙofa ba ne, ƙofa mutum ɗaya ke ja, nan kuwa an ce dukansu. Ya ce a garinmu idan mutum ya shiga rijiya yasa, na sama ne suke riƙe da igiya, idan ya gama su taru su jawo shi. "Ni ne a rijiyar. Su suna sama." Ya buɗe ido ya tambaye ni ko ta zauna. Na ce ta zauna.

Ya ce to a ba su amsa, ba a barin magana a ƙasa. Na nemi takarda ban samu ba sai ta zaɓen abincin asibiti, na juya bayanta. Ya ce in rubuta: ku ja, ina riƙe. Ban taɓa rubuta wa wani saƙo ba sai ranar. Na daɗe a kai, na soke, na sake. Abin da ya fito shi ne, "Pull. I am holding." Na karanta masa. Ya karɓi takardar ya duba ta kamar mai karatu, ya miƙo mini, ya ce in kai da hannuna.

Nan mai goge daɓe ta shigo da bokitinta, na ji ya ce mata "Keep it up" da 'yar muryar da ta rage masa. Inna ta dawo, likita ya biyo ta, aka ce baƙi su ba da wuri. Maganar da na zo da ita tana bakina ban ƙarasa ba. Na ce gobe. Gobe aka riƙe ni a wurin aiki, jibi da hantsi Inna ta kira.

Wasu sun ce mini ai wannan zaman shi ne yafiyar. Inna ma haka ta ce. Wata rana nakan yarda, wata rana in ce da ya yafe da ya bar ni na ƙarasa. Ban sani ba, kuma wanda zai faɗa mini ya tafi.

Takardar ta kwana tara a aljihuna. Shekaranjiya na kai ta. Ana yayyafi, mai littattafai ya rufe kayansa da leda, ya dawo da teburinsa wurinsa na da, kusa da inda na Kawu yake tsayawa. Na gaya masa ko ni wane ne, na ba shi. Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa, ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji. Ya ce ya ji labarin rasuwar amma bai san yadda ake shiga makokinmu ba, ya ji tsoron kada ya yi abin da ba a yi. Sannan ya tambaye ni abin da muke faɗa da harshenmu idan mutum ya mutu. Ya ce yana so ya faɗa daidai.

Na ce masa, "Allah ya jiƙan shi." Na maimaita a hankali sau biyu.

Ya gyara tsayuwa, ya cire hula cikin yayyafin, ya kama hannuna da hannu biyu. Masu tebur biyu 'yan ƙasarmu sun matso suna saurare. Ya ce da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, "Allah ya jiƙa shi."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sayar da laima, ga shi ana roƙa masa jiƙewa. Na ga ɗaya daga cikin 'yan ƙasarmu ya cije leɓe. Gyaran ya zo mini har kan harshe, baƙi ɗaya ne kawai ya faɗi. Dattijon yana kallona yana jira ya ji ko ya faɗa daidai.

Na riƙe hannunsa na ce amin.

Allah ya karɓa yadda aka nufa, ya yi wa Kawu rahama.